Maikano Dabul, Direban da Hanya ta Zame wa Biyu

Idan ka shiga tashar Gwaram ka ce kana neman Maikano, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai faci, akwai mai rake. Amma da ka ce Dabul, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka inda yake. Ni na san shi tun kafin sunan ya same shi. A Zandam muka tashi, gidansu na kallon namu, kuma benci ɗaya muka zauna a firamare har ranar da aka raba mu.

Muna aji uku hedimasta, Malam Musbahu, ya kira shi gaba a taron safe. Ya ce yaron nan ya fi ƙarfin aji huɗu, saboda haka an yi masa dabul furomoshin, aji biyar zai wuce kai tsaye. Babu wanda ya taɓa jin kalmar a cikinmu. Malam Musbahu ya ɗaga yatsu biyu ya ce dabul Turanci ne, ma'anarsa ninki biyu, abin da kowa ya samu ɗaya kai ka samu biyu. Kafin a tashi makaranta sunan ya bi shi. Da labari ya isa gida, mahaifiyarsa Inna Tani ta ajiye ƙwaryar nono ta tambaya ko wani laifi ya yi, don ita a saninta ba a raba ɗan maraƙi da tsararrakinsa sai da dalili. Sai da aka yi mata bayani sosai kafin ta yarda abin alheri ne.

Karatun bai yi nisa ba. Mutanen gidansu masu shanu ne tun kaka da kakanni, ko da yake Fulatancin ya tsaya a bakin tsofaffi. Wata damina ciwon huhu ya shiga garken ya yi masa kaca-kaca, ba a jima ba mahaifinsa ya kwanta, bai tashi ba. Maikano ne babba a ɗakinsu. Ya ajiye littafi yana ƙaramar sakandare, ya bi wata motar kaya a matsayin yaron mota.

A tasha ya tarar kalmar ta riga shi zuwa, kuma aikinta a can ya fi na makaranta yawa. Tayoyin baya na babbar mota, waɗanda ake haɗawa biyu-biyu, dabul ake ce musu. Kujerar gaba da ake matse mutum biyu, idan wani mai hali ya ce shi kaɗai zai zauna, sai a ce ya biya dabul. A teburin mai shayi, dabul na nufin a ninka madara. Tsofaffin direbobi kan koya wa yara taka kuloci sau biyu kafin giya ta shiga, shi ma sunansa ke nan. Direban da ya kai lodi Birnin Kudu ya dawo ya sake kai wani alhali 'yan uwansa ba su cika na farko ba, wannan ya yi dabul, ranar sai ya sayi tsire. Maikano ya kan ce shi duk inda ya ji sunansa, to ƙari ne. Ya ɗauki abin da gaske, ba da wasa ba.

Ya yi shekaru yana ɗaure kaya da kwana a ƙarƙashin mota kafin ya kama sitiyari. Da Alhaji Balarabe, wani ɗan kasuwar hatsi a Gwaram, ya ba shi bas ƙirar hayis ya riƙa jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, abin da ya fara yi shi ne kai ta wurin mai fenti a rubuta sunan a gilashin baya. Ya auri Hafsatu, 'yar wani malamin allo a Maruta, mace mai ƙarancin magana. Haihuwarta ta fari tagwaye ta haifa, Hassana da Usaina, aka daɗe ana tsokanarsa a tasha cewa ko a gida bai iya yin abu ɗaya ba. Bayansu aka samu wasu yaran. Ya kama gida a Gwaram, Inna Tani kuwa ta ƙi barin Zandam, ta zauna da 'yan awakinta da wani farin bijimi, wanda shi kaɗai ya rage daga jinin garken mijinta.

Ba direban gudu ba ne. Matan da ke kai gyaɗa da kuka kasuwa sukan bar mota ta cika ta tafi don su jira tasa, saboda yana tsayawa tsohuwa ta sauka a tsanake, kuma ba ya jefa kayan mutane. Alfaharinsa ɗaya ne, ya kan faɗa a gaban kowa: tunda ya fara tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba.

Ya haura shekara arba'in lokacin da jikinsa ya fara canzawa. Ƙishirwa ba ta barinsa, yana sha yana fitsari, wandunansa suka yi masa yawa. Ya ce zafin inji ne da wahalar hanya. Wata safiya, ana gab da fara yankan riɗi, ya tashi da ciwon kai ta gefen hagu. Ya fito tsakar gida zai yi alwala, sai ya ga buta biyu a jingine da bango inda ya san ɗaya ce. Ya murza ido, suna nan. Hassana da Usaina suka zo gaishe shi, ya ga 'yan mata huɗu sun durƙusa a jere. Ya gaya mini daga baya cewa ya amsa gaisuwar bai san wadda zai kalla ba.

Ya gano cewa in ya rufe ido ɗaya, ko wanne, komai na komawa ɗaya. Da ya duba madubin mota sai ya ga idon hagun ya karkato ciki, wajen hanci, kamar na harara-garke. Ranar bai yi lodi ba, ya ce mota na neman gyara. Ya sayi baƙin tabarau a bakin kasuwa, ya manna baƙin salatif a cikin gilashin hagu yadda ba mai gani daga waje, washegari ya koma layi. Abokan aiki suka yi ta dariya, wai Dabul ya tsufa ya fara yanga.

Hafsatu ba ta yi dariya ba. Ta lura yana juya kansa gaba ɗaya in zai kalli hagu, ta lura ya daina cire tabarau ko a ɗaki, ta lura yakan laluba bakin kwano kafin ya sa hannu. Wata rana ya ajiye tabarau zai wanke fuska, ta ɗauka ta juya cikinsa. Ta jira yara suka tafi makaranta sannan ta yi magana.

"Malam, idon nan naka ba lafiya ba."

Ya karɓe tabarau daga hannunta. Ya tambaye ta wa ta gaya wa, ta ce ba kowa.

"To kada ki gaya. In Alhaji ya ji, makulli zai karɓa. In ya karɓi makulli, ni ba gona ba, ba shanu ba, ba takarda ba. Me zan zama?"

Ta ce rayukan mutane ne yake ɗauka a bayansa. Ya ce ya sani, ya fi ta sani, shi ya sa ya rage gudu, kuma da ido ɗaya yana ganin hanya sarai. Ya yi mata alkawarin da zarar kakar riɗi ta wuce, lodi ya yi sauƙi, zai je asibitin Birnin Kudu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ita ma tana ganin buhun masara yana yin ƙasa, ga ƙaramin yaro a goye.

Ba wai ya zauna bai nemi magani ba. Ya je kemis a wani gari inda ba a san shi ba, aka ba shi na ɗigawa, bai yi komai ba. Ya sa surukinsa ya yi masa rubutu, ya ce na ciwon kai ne. Wani mai magani a kasuwa, mai lasifika a kan mota, ya ba shi wani kwalli ya ce ko yanar ido yana wankewa. Kwallin ya sa idon ya yi ja ya kumbura, ya kwana biyu yana zubar da ruwa, da kumburin ya saɓe abubuwa suna nan biyu-biyu. A masallaci, inda ba zai iya sa tabarau ba, yakan runtse idon hagu daga kabbara har sallama, yana roƙon Allah ya mayar masa da ganinsa ko da rabin kwanansa za a ɗauka. Hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa ta koma abin tsoro. Da ido ɗaya ba ya iya auna nisa. Rami yakan iso kafin ya zata, babur yakan fito ta hagunsa bai gan shi ba sai ya ji ham. Kullum ya kashe mota da yamma sai ya ce gobe ce ta ƙarshe.

Ranar kasuwar Gwaram ce abin ya faru. Ya riga ya kai sawu ɗaya ya dawo, ana lodin na biyu bayan la'asar. Yana taimakawa a ɗora buhun riɗi a saman mota, buhun ya zame ya goge masa fuska, tabarau ya faɗi, wani ya taka. Mota ta cika, fasinja na ƙorafin yamma na yi. Ya tsaya da fasasshen tabarau a hannu. Daga baya ya ce da ni a wannan tsayuwar ya san abin da ya kamata ya yi, ya kuma san ba zai yi ba. Ya ja hularsa ta rufe gefen fuskar, ya runtse idon hagu da ƙarfinsa, ya tayar da mota.

Mai zuwa Birnin Kudu da yamma rana yake fuskanta. Ba su yi nisa da gari ba hasken ya cika gilashi, idon daman da yake aiki shi kaɗai ya fara hawaye. Ya ƙifta, na hagun ya buɗe da kansa. Kwalta ta rabe biyu. Ga tirela biyu suna tahowa, ga amalanken shanu biyu a gabansa, ɗaya a tsakiyar hannunsa, ɗaya a gefen hanya. Ya taka birki, nauyin kaya ya ci gaba da tura motar. Ba zai iya kaucewa hagu ba saboda tirela. Ya yanke a ransa cewa amalanken tsakiya ita ce ta gaskiya, ta gefe inuwa ce, ya karya sitiyari dama don ya wuce ta cikin inuwar.

Ta gefen ce ta gaskiya.

Motar ta daki amalanken ta kife da ita, ta gangara cikin wata gonar dawa ta tsaya. Fasinja sun ji raunuka, amma ba masu tsanani ba. Ɗaya daga cikin shanun ya karye a baya, nan take aka nemo wuƙa aka yanka shi. Mai amalanken, wani dattijo manomi daga wajen Maruta mai suna Sada, yana kwance ƙarƙashin katako da cinya a karye. Waɗanda suka je wurin sun ce Maikano bai gudu ba. Ya sa kafaɗa aka ɗaga katakon, ya cire rigarsa aka ɗaure ƙafar, sannan ya zauna a bakin kwalta ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya sauke hannun kowa ya ga idon.

A babban asibitin Birnin Kudu aka kwantar da Sada, a nan kuma aka duba Maikano. Gwajin jini ya nuna suga ya yi masa yawa ƙwarai, ga hawan jini. Likitar ido, wata mata mai suna Dakta Sadiqa, ta sa ya bi yatsanta da kallo, dama da hagu. Ta juya tana yi wa ma'aikaciyar jinya bayani da Turanci, sai ya tsinci sunansa a cikin maganar. Ya tambaye ta ko wani ne ya gaya mata laƙabinsa. Ta ce a'a, sunan larurar ke nan a Turance, dabul bishin, wato gani biyu-biyu. Sugan ne ya raunana jijiyar da ke juya idon hagu zuwa waje.

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Likita, ni duk inda na ji kalmar nan, ƙari ne. A nan me aka ƙara mini?"

"Ba a ƙara komai ba, Malam," in ji ta. "Abu ɗaya ne a gabanka. Idanunka ne suka daina haɗuwa a kansa."

Ta ce a wasu mutane jijiyar na farfaɗowa cikin 'yan watanni in an kula da suga, a wasu kuma ba ta dawowa duka. Ta rubuta magani, ta hana shi abinci iri-iri, ta ba shi abin rufe ido. Game da tuƙi kuwa ta ce kada ma ya sa shi a ransa yanzu.

Alhaji Balarabe ya karɓi makullinsa ba tare da faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Magana ta je wurin 'yan sanda, manyan ƙungiyar direbobi da dangin Sada suka zauna. Sada ya aiko daga gadon asibiti cewa shi ba ya son shari'a, sa yake so, don amalanke ba ta tafiya da sa ɗaya. Maikano ba shi da sa. Inna Tani ke da shi.

Ni na raka shi Zandam, don a lokacin ko tafiya a gefen titi tana ba shi wuya. Muka tarar labari ya riga mu. Ya durƙusa a gabanta. Ba ta jira ya roƙa ba. Ta tashi ta je turke, ta daɗe tana shafa wuyan farin bijimin tana yi masa magana da Fulatanci, wanda rabon da in ji ta yi shi tun muna yara. Ta kwance igiyar ta sa a hannun ɗanta. Ta ce kada ya aika kowa, ya kai da ƙafarsa. Ba ta fito rakiya ba.

Lokacin an sallamo Sada. Muka same shi kwance a zaure, ƙafar a miƙe cikin filasta. Ƙaninsa ya karɓi igiyar ya shiga da bijimin. Sada ya amsa gaisuwarmu, ya daɗe yana kallon farin ƙyallen da ke idon Maikano.

"An ce tun kafin ranar ka san idonka ba ya gani daidai. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Da ba ka sani ba, da na ce ƙaddara ce ta haɗa mu, in yafe maka tun a bakin hanya." Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Je ka. Allah ya ba mu lafiya."

Muka yi masa sallama muka fito. Ƙafar ta ɗore, amma ta gajarta. Har yau da sanda yake tafiya.

Ranin da ya biyo baya shi ne mafi muni a rayuwar Maikano. Ya gwada kamasho, wato kiran fasinja a tasha, sai ya ga mutane na kauce wa duk motar da ya tsaya kusa da ita, direbobi suka roƙe shi ya hutar da su. Ya gwada sayar da fetur a galan a bakin hanya, yana zubawa gefen mazurari, mai kayan ya sallame shi. Hafsatu ta sayar da gadonta ta sayi injin taliya, tana murzawa tun safe, tagwayen na kaiwa gidaje bayan sun taso daga Islamiyya. Wani lokaci akwai maganin suga babu tuwo, wani lokaci akwai tuwo babu magani. Abincin da likita ta ce ya rage, shi ne kaɗai abincin da ake samu a gidan. Ya daina zama a majalisa. Yakan fita bayan gari ya zauna kan wani dutse yana kallon motoci na wucewa, tsohuwar hayis ɗinsa a cikinsu, an gyara ta an ba wani, an kankare rubutun gilashin.

A cikin wannan hali ya koma wurin Dakta Sadiqa da wata buƙata. Ya ce ta cire idon hagun, ko ta ɗinke shi. Ya ce ya san direbobi masu ido ɗaya da suka tsufa a kan hanya, su ba sa fargabar wani ido zai buɗe musu. Ya ce ba ya jin tsoron wuƙa, zai sa hannu a duk inda ake sawa. Ta ce idon lafiyarsa ƙalau, yana gani, juyawa ce kawai ba ya yi, kuma babu likitan da zai cire ido mai gani. Ya sauka daga kujera ya durƙusa a ƙasa yana haɗa ta da Allah, sai da ma'aikata suka ɗaga shi. Ranar a ƙafa ya fara tafiya gida, wani direban da ya san shi ya tsince shi a hanya ya ɗauko shi.

Gab da saukar damina idon ya fara miƙewa. Da safe, in ya kalli gaba sak, abu ɗaya yake gani. Amma in ya waiga hagu, ko in ya gaji, ko in rana ta yi zafi, sai ya sake rabewa. Likita ta ce an samu ci gaba, amma ba na tuƙi ba. Shi rabin farko na maganar ya riƙe. Ya cire ƙyallen, ya sa wankakkun kaya, ya je wurin Alhaji Balarabe ya ce ya warke sarai. Alhaji ya dubi idon ya ga ya daidaita. Yana da wata motar a ajiye ba direba, yana kuma jin tausayinsa. Ya ce ya zo ranar kasuwa ya karɓi makulli.

Maikano ya shigo gida da fara'ar da aka manta da ita, har da 'yar ledar nama. Hafsatu ta saurare shi har ya gama. Ta koma gefensa na hagu ta ɗaga ludayi, ta tambaye shi nawa yake gani ba tare da ya juya kai ba. Ya ce ba ya son wasan yara. Ta ce ya rantse. Ya tashi ya fita.

Washegari ta sa hijabi, ta aika aka kira yayanta Malam Muhyiddeen daga Maruta, suka tafi gidan Alhaji tare. A zaure ta tsaya, kanta a ƙasa, ta faɗi abin da likita ta ce da abin da ita take gani a gida. Ta faɗi har maganar salatif, da cewa ta sani tun farko. Alhaji ya ce ya ji, Allah ya yi mata albarka. Ranar kasuwa Maikano ya je, aka ce masa an ba wani motar, aka kuma gaya masa dalili.

Maƙwabta sun ce ba su ji hayaniya ba. Ya shigo ya tsaya a kanta tana murza taliya.

"Kin yanka ni, Hafsatu."

Ba ta daina murzawa ba. "Na yi shiru sau ɗaya, Malam. Ga Baba Sada can da sanda. Ba zan iya na biyu ba, ko da za ka sake ni."

Bai sake ta ba. Ya ɗauki 'yan kayansa ya tafi Zandam, ya yi daminar a can. Ya nome gonar Inna Tani da fartanya tunda babu sa, yana sare gero tare da ciyawa in yamma ta yi ido ya gaji. Na je na same shi sau da yawa. Wani zuwan ya zagi Hafsatu, wani zuwan ya ce ita kaɗai ce mai hankali a gidansa, wani zuwan lafiyar yara kawai yake tambaya. Ita kuwa duk wanda zai je Zandam sai ta ba shi maganin sugansa ya kai, ba saƙon baki. Da aka yi girbi ya ɗaure dami kaɗan ya dawo Gwaram. Ya yi sallama, ta amsa, ta kawo masa ruwa. Ban ji an sake tayar da maganar ba.

Yanzu wankin mota yake yi a bayan tasha, da bokiti da soso da tsohon buhu. Aikin ba ya buƙatar auna nisa. Idon ya tsaya inda ya tsaya, bai ƙaru ba, bai ragu ba, suga kuma wani watan ya sauka wani watan ya hau. Ya rame, gemunsa ya yi fari kafin namu. Direbobin da ya koya wa aiki sukan kawo masa motocinsu ko ba su yi datti sosai ba, ya sani, yana wankewa. In za a matsar da mota daga wurin wanki, sai ya kira mai ita, ko taku biyar ne ba ya zama a kujerar direba.

Duk wata sukan je asibiti Birnin Kudu shi da Hafsatu. Ana ba shi kujerar gaba don girmamawa, ba ya karɓa. Can baya yake shigewa, jikin taga, ita a gefensa. Da mota ta tashi sai ya rufe idanunsa duka biyu har a isa. Hafsatu ta ce da matata duk da haka ya san inda ake, don a kowace kwana da kowane rami tana jin ƙafarsa ta dama na danna ƙasan mota. A asibiti a auna shi, a sa ya bi yatsa da kallo, ya tambayi likita ko akwai canji. Ta ce a ci gaba da magani. Su sayi abin da za su iya saya daga ciki, su nemi motar komawa kafin rana ta yi zafi, don akwai motocin da ke jiran wanki.